Tambayoyinku: Me ya sa bututun bindigar soja ke yin ja in harbi ya yi yawa?

Assalamu alaikum. Na ga wani bidiyo inda aka yi ta ɓarin wuta da AK-47 ba ƙaƙƙautawa, har katakon gabanta ya fara hayaƙi, bututun ya yi jawur. Da gaske ne ko haɗin kwamfuta? In gaskiya ne, me ya hana masu ƙera bindiga magance abin? Daga wani mai karatu a Zariya.

Wa alaikumus salam, Malam. Gaskiya ne. Albarushin da ke cikin harsashi yana ƙonewa da zafin da ya haura digiri 2,000 a ma'aunin Salshiyos, wato ya fi zafin da ke narkar da ƙarfen bututun. Abin da ke ceton ƙarfen shi ne wutar ba ta wuce ƙiftawar ido. Amma kowane harbi yana barin rabonsa: kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin albarushin ne ke tafiya da harsashi, wani kaso mai kama da haka ya shige jikin bututu, saura ya fita da hayaƙi. Iska kuwa a hankali take ɗauke zafi. Kamar mai zuba ruwa da bokiti ne a randar da ke yoyo ta ɗan huji, dole ta cika ta tumbatsa.

Shi ya sa kowace bindigar soja ke da lissafin harbi iri biyu. AK-47 tana iya aman harsashi 600 a minti, ta ƙarar da gidan harsashi mai cin 30 cikin daƙiƙa uku, amma abin da aka tsara mata a fagen daga bai wuce 100 a minti ba. Littafin horon sojan Amurka ya ce M16, wadda injinta ke iya yin 700 zuwa 950 a minti, harsashi 12 zuwa 15 kacal za ta iya yi a minti in ana so ta daɗe tana harbi ba ta lalace ba.

In aka ƙetare wannan iyaka, ɓarnar tana farawa daga maƙogwaron bututu, wato 'yan santimitan da ke gaban mazaunin harsashi, inda wuta ta fi tsanani. Fuskar ƙarfen wurin tana kumbura ta tsuke a kowane harbi, har ta tsattsage, iskar albarushi ta riƙa ɓantarar ta. Murɗaɗɗen tsagin da ke juya harsashi sai ya sude, harsashi ya daina tafiya daidai, saiti ya watse. In zafi ya haura digiri 500 zuwa 600, ƙarfe ya fara laushi, bututu yana iya lanƙwashewa ko ya fashe. A faɗan Wanat na Afganistan, ranar 13 ga Yulin 2008, inda aka kashe sojojin Amurka tara, wasu da suka tsira sun ba da rahoton cewa bindigoginsu M4 sun yi zafi har suka cije. Daga baya rundunar ta koma M4A1, mai bututun da ya fi kauri. Kaurin ba ya sanyaya bututu, ma'ajiya ce kawai mafi girma: yana jinkirin ɗaukar zafi, yana kuma jinkirin hucewa, ga ƙarin nauyi a kafaɗar soja.

Ranku ya daɗe, wai da gaske ne bindiga tana iya tashi da kanta ba a taɓa kunama ba? Daga wata ɗaliba a Maraɗi.

Tana iyawa, Malama, kuma zafi ne sanadi. Albarushin zamani yana kama wuta da kansa in ya kai wajen digiri 170. In mazaunin harsashi ya yi zafi sosai aka bar harsashi a ciki, zafin zai ratsa kwanson tagulla ya kunna albarushin. Littafin M16 ya yi gargaɗi cewa harsashi 140 a jere da sauri sun isa su kai bututu wannan matsayi, kuma harsashin da aka bari a ciki yana iya tashi cikin daƙiƙa goma. Umarnin shi ne a cire shi nan take. In ya ƙi fita, a bar bakin bindiga yana kallon inda ba kowa har minti 15.

Saboda wannan haɗarin ne akasarin bindigogi masu jigida ke tsayawa da sakatarsu, wato ƙarfen da ke tura harsashi cikin mazauni, a baya. Harsashi ba ya shiga mazauni sai an ja kunama, kuma iska tana ratsa bututun tsakanin harbi. Bindigar kafaɗa kuwa sakatarta a rufe take da harsashi a ciki, don harbin farko ya fi dacewa da saiti. Shi kansa kwanson yana da aikin da ba a cika lura da shi ba: duk wanda aka tofar yana fita da wani zafi. Lokacin da kamfanin Heckler & Koch na Jamus ya ƙera G11 mai harsashi marar kwanso, tashin harsashi da kansa na cikin manyan matsalolin da suka sha fama da su.

Malamai, na karanta cewa a zamanin da, ruwa ake zuba wa bindigogi. Me ya sa aka daina? Daga wani malamin makaranta a Katsina.

Nauyi ne ya kore su, ba gazawa ba. Bindigar Maxim ta 1884, irin wadda Turawan Ingila suka zo da ita Kano da Sakkwato a 1903, da magajiyarta Vickers, bututunsu a cikin rigar ruwa yake. Ta Vickers tana cin lita huɗu da ɗoriya. Ruwan yana tafasa bayan harsashi 600 ko makamancin haka, sai tururi ya bi tiyo ya shiga gwangwani ya koma ruwa a sake zubawa. Muddin ruwa ya rufe bututun, zafin bayansa ba zai yi nisa da digiri 100 ba. A ganinmu har yau ba a samu dabarar da ta fi wannan sanyaya bututu ba, kuma Ingila ba ta ajiye Vickers ba sai 1968. Amma bindiga da ƙafafunta da ruwanta sai mutane da yawa, soja mai gudu ba zai iya ba.

Abin da ya maye gurbin ruwa shi ne sauya bututu. MG 42 ta Jamus, mai yin wajen 1,200 a minti, ana buɗe ƙofar gefenta a zaro bututun da safar hannu mai jure zafi, a zura wani cikin 'yan daƙiƙu. FN MAG ta Beljiyam tana da mariƙi a jikin bututun don kada hannu ya ƙone. Ƙa'idar Amurka ga nata samfurin, M240, ita ce: harsashi 100 a minti, a sauya bututu duk minti goma, 200 a minti, duk minti biyu. Wani kuskuren da akan yi shi ne ajiye wanda aka cire a kan busasshiyar ciyawa, ko mayar da shi bai huce ba. Wasu kuma iska suka nema: Lewis ta Yaƙin Duniya na Ɗaya tana da fikafikan alminiyam cikin wani bango, fitar harbi na jawo iska ta cikinsu, kuma Pecheneg ta Rasha ta farfaɗo da wannan dabara.

Shafen ƙarfen kurom da ake yi a cikin bututu yana hana zafi? Daga Kumasi.

Ba ya hanawa, yana dai sa ƙarfen ya jure. Kurom ya fi ƙarfen bututu tauri da wuyar narkewa, kuma yana hana tsatsa. M16 ta farko a Biyetnam ba ta da shi, kwanso ya riƙa maƙalewa a mazauni, aka ƙara shi daga baya. Manyan bindigogi irin M2 ana sa musu zubin wani gaurayen ƙarfe mai kobal a farkon bututun. Sai dai ba bututu kaɗai ke jin zafi ba. A Jamus an yi ta ce-ce-ku-ce kan cewa bindigar G36 mai jikin roba tana sauya saiti in ta yi zafi, har ministar tsaro ta lokacin, Ursula von der Leyen, ta ce a 2015 ba ta da makoma a rundunar. A 2016 kotu a Koblenz ta yanke cewa kamfanin da ya ƙera ta ya cika sharuɗɗan da aka ba shi tun farko.