In tafi makarantar tauhidi da iyalina, ko in bar su a Garwa?

Ɗan'uwa cikin Almasihu, ka tambaya ko ka tafi da uwargida da yara. Ni dai na ce ka tafi da su. Ko makarantar Maiganga ka nufa ko ta Kaele, a ƙasar Kamaru, zaman can ba na aji kaɗai ba ne. Da asuba sujada, da yamma kowa da fartanyarsa a gona, don tallafin ikilisiya ba ya kai ƙarshen wata. Matan ɗalibai kuwa su ne ƙashin bayan zaman: yau wannan ta ari gishiri, gobe a taru wurin sunan jaririn waccan, ana hira da Fulatanci da Faransanci. Uwargida za ta koyi hidimar matar fasto da ke jiranta. Amma fa ka fara rubuta wa shugaban makaranta game da ɗaki, kuma ka tanadi buhun dawa.