In riga kowa sayen allon 4K ko 8K don wasannin kwamfuta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke Maradi, ina zaune a unguwar Ali Dan Sofo. Ina da kwamfutar tebur mai katin hoto RTX 3060 da allon 1080p mai inci 24, kuma wasannin da na fi bugawa su ne EA Sports FC da Counter-Strike 2. Wani mai shigo da kaya daga Dubai ya ce zai kawo mini allon 4K, har ya ce idan da hali in tsallaka zuwa 8K, domin can duniya ta dosa, wanda ya riga saye ya huta. Shekara guda na yi ina tara kuɗin nan. Mece ce shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Shawarata ita ce kada ka sayi 8K ko kaɗan, 4K ɗin ma ka dakata da shi tukuna, kuma ina so ka fahimci dalili sosai domin kada daɗin bakin mai kaya ya raba ka da tarin shekara.

Abin da mafi yawan masu saye ba su lura da shi ba shi ne allo ba ya zana komai, nunawa kawai yake yi. Mai zanen shi ne katin hoton da ke cikin kwamfutar, kuma ɗigo ɗigo yake zana kowane hoto. Allonka na yanzu yana da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, wato kusan ɗigo miliyan 2.1. Allon 1440p yana da miliyan 3.7, na 4K yana da miliyan 8.3, ninki huɗu na naka ke nan, shi kuwa 8K ya haura miliyan 33, ninki 16. Idan kana son wasa ya tafi sumul, dole katin ya cika waɗannan ɗigogi gaba ɗaya aƙalla sau 60 a cikin sakan guda. Saboda haka wanda ya sa allon 4K a gaban RTX 3060 tamkar manomi ne da ya ninka gonarsa sau huɗu alhali shanun huɗarsa biyu ne ba su ƙaru ba: gonar ta yi kyan gani, amma damina za ta wuce bai gama huɗa ba. A manyan wasannin zamani masu nauyi, da ƙyar katin nan zai riƙe maka hoto 30 a sakan a kan 4K, sai ka koma kana rage inuwa da haske da kyan ciyawa, ka zubar da ainihin kyan da ka biya kuɗi dominsa.

Maganar cewa wanda ya riga saye ya huta kuwa, tarihin wannan kasuwa bai gaskata ta ba. A shekarar 2013 kamfanin Asus ya fitar da allon 4K mai suna PQ321Q a kan dalar Amurka kusan 3,500. Wayar HDMI (mai haɗa allo da kwamfuta) ta lokacin, wato 1.4, ba ta iya ɗaukar 4K sai sau 30 a sakan, don haka kafin a sami 60 sai an yi dabarar da kwamfuta za ta ɗauki allon a matsayin allo biyu da aka haɗa gefe da gefe, abin da ya riƙa jawo wa masu wasa matsala iri iri. Yau allon 4K da ya fi wancan sauƙin aiki ana samunsa a ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na wancan farashi. A 2017 kamfanin Dell ya fito da allon 8K mai suna UP3218K a kan kusan dala 5,000, wanda sai an soka masa wayoyin DisplayPort biyu kafin ya yi sau 60 a sakan. A 2020 kamfanin Nvidia ya tallata katin RTX 3090 da cewa zamanin wasa a 8K ya zo, amma shekaru sun shuɗe zamanin bai iso ɗakunan mutane ba. Ƙididdigar da dandalin sayar da wasannin kwamfuta na Steam ke fitarwa kowane wata ta nuna cewa har cikin 2024 fiye da rabin masu wasa a dandalin 1080p suke amfani da shi, masu 4K kuwa ba su kai biyar cikin ɗari ba. Masu ƙera wasanni suna kallon wannan ƙididdiga, kuma inda jama'a suke nan suke auna aikinsu. Hausawa sun ce zuwa da wuri ya fi zuwa da wurwuri, kuma a kasuwar allo wanda ya jira da kuɗinsa a hannu shi ke samun kaya mafi kyau a farashi mafi sauƙi.

Akwai kuma iyakar ido. Mai lafiyar ido da ke zaune kimanin santimita 70 daga allo yana iya bambance ɗigogi har zuwa wajen 125 a kowane inci, abin da ya wuce haka sai ya fara narkewa ya zama shafe ɗaya. Allonka yana da kusan 92, shi ya sa kake ganin gefen rubutu da ɗan kaushi. Allon 1440p mai inci 27 yana da 109, na 4K mai inci 27 yana da 163, na 8K mai inci 32 kuwa ya kusa 280. Ba na musun cewa 4K ya fi tsabta, musamman ga rubutu da hoton da ke tsaye, ni kaina ina ganin bambancin. Amma a 8K fiye da rabin abin da katinka zai wahala ya zana idonka ba zai taɓa gani ba, balle a lokacin da ƙwallo ke gudu ko abokin gaba ya leƙo ta lungu.

Ga wasannin da ka ambata, saurin sabunta hoto ya fi yawan ɗigo amfani nesa ba kusa ba. Allo mai 60 Hz, wato mai sabuntawa sau 60 a sakan, yana sauya hoto duk bayan milisakan 16.7, mai 144 Hz kuwa duk bayan 6.9. Wannan tazara hannunka zai ji ta tun ranar farko, kuma ita ce dalilin da ya sa ƙwararrun ƴan gasar Counter-Strike ke wasa a kan 1080p ko ƙasa da haka, da allon da ke sabuntawa sau 240 ko fiye.

Yanzu mu zo gida, domin masu gwajin kaya a Turai da Amurka ba a zafin Maradi suke gwadawa ba. Katunan da ke ɗaukar 4K ba tare da gumi ba manyan masu cin wuta ne: RTX 4090 na 2022 yana jan wat 450, RTX 5090 na 2025 yana jan 575, alhali naka 170 kawai yake ci. Kwamfutar da ke jan wat 600 idan ta yi awa biyar a kunne ta cinye kilowat-awa 3 a rana, 90 a wata, kuma duk wutar nan zafi take zama a cikin ɗakinka. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, katin da ya yi zafi da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone, ga ƙurar hunturu da ke toshe fankokinsa. Mun kuma ga yadda wuta ta yi ƙaranci daga Agustan 2023 lokacin da Najeriya ta katse layin da ke kawo mana ita. Irin wannan kwamfuta tana buƙatar babbar na'urar riƙe wuta, idan kuma da hasken rana za ka ciyar da ita, sai ka ƙara faranti da batura. Wannan duk yana cikin kuɗin 4K, ko da yake mai kaya ba zai lissafa maka shi ba.

Za a ce maka akwai DLSS na Nvidia da FSR na AMD, kuma gaskiya ne suna taimakawa ƙwarai. Sai dai ka san abin da suke yi: katin yana zana hoton a 1440p ko 1080p, sannan a faɗaɗa shi da lissafi ya cika allon 4K. Ma'ana ko masu allon 4K da yawa ba a 4K na ainihi suke wasa ba.

Da ni ne kai, zan nemi allon 1440p mai inci 27, nau'in IPS (mai nuna launi da kyau ta kowace kusurwa), mai 144 ko 165 Hz, wanda ke da FreeSync ko ya dace da G-Sync, wato fasahar daidaita saurin allo da na katin hoto. Ƙarin nauyinsa a kan katinka bai kai ninki biyu ba, RTX 3060 zai ɗauke shi a wasanninka, a masu nauyi kuma ka kunna DLSS. Ragowar kuɗin ka sayi na'urar daidaita ƙarfin wuta da ta riƙe ta, domin faɗuwa da tashin wuta sun fi tsufa kashe kaya a garin nan. Idan nan gaba ka shiga aikin tace bidiyo ko zanen gine-gine, kuma ka sami katin da ya fi wannan ƙarfi, to a lokacin 4K mai inci 32 ya cancanci kuɗinsa, amma katin za ka fara saya kafin allon.

Ranar da kayan ya iso, kada ka biya sai an kunna a gabanka. Ka cika allon da fari zalla, sannan baƙi, ja, kore da shuɗi, ka duba ko akwai mataccen ɗigo, domin kayan da ya taso daga Dubai mayar da shi ba ƙaramin aiki ba ne. Ka haɗa shi da wayar DisplayPort, sannan ka shiga saitin nuni na Windows ka zaɓi 144 ko 165 da hannunka, saboda sau da yawa a kan 60 yake tsayawa idan ba a sauya ba.