Mutum huɗu, kowa da tasa: ta ina ake kama irin wannan kiɗan?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ina gaisuwa daga unguwar Mabera, nan Sakkwato. Ƙanena da ke karatu ƙasar waje ya turo min bidiyon wasu makaɗa huɗu. Ya ce ƙungiyar Ornette Coleman ce a wani wasa da suka yi Turai a 1971, wai yana cikin kiɗin jaz mafi daraja da aka taɓa yi gaban jama'a. Na kunna. Wallahi Malam sai na ji kamar an kwance awaki a kasuwar Kara. Masu busa biyu kowa da tasa, mai ganga na ta gudu, ban ji amshi ba, ban sami inda zan kaɗa kai ba. Amma da suka ƙare jama'a suka yi ta tafi. To mi suka ji wanda ni ban ji ba? Ko dai wanga kiɗi yaudarar 'yan boko ce?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ba ni dariya da zancen awakin Kara, kuma ba zan ce ka yi rashin kunya ba, domin manyan da suka fi ni da kai sanin jaz, kiɗan nan da ya samo asali daga baƙaƙen fatar Amurka, sun faɗi abin da ya fi haka zafi. A watan Nuwamba na 1959 Coleman, Ba'amurke mai busa saksofon (wani lanƙwasasshen abin busa na ƙarfe), ya zo birnin Niyok da mutanensa uku, aka ɗauke su wasa a wani ƙaramin gidan kiɗa mai suna Five Spot na mako biyu. Sai da suka yi mako goma. Makaɗan garin suka rabu biyu. Leonard Bernstein, wanda ke jagorantar babbar ƙungiyar kiɗan gargajiyar Turawa ta birnin, ya yaba. Miles Davis, shahararren mai busa ƙaho a jaz, ya kushe. Shekara goma kafin nan ma, a garin Baton Rouge, wasu da ba su ji daɗin busarsa ba sun tare shi bayan wasa, suka yi masa duka, suka lalata masa abin busa. Kai ko waya kawai ka kashe.

Ni kaina ranar da na fara jin sa a kaset, ina saurayi ina koyon busa saksofon, na ɗauka zaren ne ya cukurkuɗe. Na ciro shi na duba, na ga lafiyarsa lau.

Bari in fara da abin da suka jefar, don sai ka san shi za ka gane abin da suka riƙe. A jaz na da, akwai gwadaben da aka shata tun kafin a hau dandali. Mai fiyano yana danna sautuka uku ko huɗu lokaci guda, mu kira shi damin sauti, kuma waɗannan dammuna suna bin juna a jere, yawanci cikin gaɓa 12 ko 32, in an kai ƙarshe a komo farko. Mai busa yana da damar ƙirƙirar abin da ya ga dama nan take, amma tilas ya dace da damin da ake kai a wannan lokacin. Kamar mai waƙar baka ne da aka ce ya faɗi duk abin da yake so, amma kada ya saki kari, kada ya saki amsa-amo. Coleman ya ce shi wannan gwadaben ya ishe shi. Idan busar da ke bakinsa tana son ta karkata wani wuri, me zai sa ya dawo da ita don kawai mai fiyano ya danna wani abu? Shi ya sa in ka sake duba bidiyon ba za ka ga fiyano ba. Masu busa biyu ne, da mai babbar garayar nan ta tsaye da ake kira bas, da mai ganguna. Abin da ake kira firi jaz ke nan, wato sakakken jaz, sunan kuma ya bazu ne daga wani faifai da ya ɗauka a Disamba 1960.

To ga inda mutane ke ɓata: suna jin an ce "sakakke" sai su ɗauka an saki komai. Gwadabe kaɗai aka saki. Sauraron juna kuwa sai da aka ninka shi, domin wanda ba shi da hanya shatacciya ba shi da abin dogaro sai kunnensa.

Shawarata a nan ita ce ka daina neman inda za ka kaɗa kai. Ka saurare shi yadda kake sauraron zance. Kuma ina ganin kai Basakkwace ka fi Bature samun sauƙin wannan, ko da ba ka sani ba. Harshenmu na karin sauti ne: tashin murya da saukarta su ke raba kalma da kalma. Ka taso kana jin mai kalangu yana matse tsarkiya a hammata, ganga ta kira sunan mutum, mahauci ya ji takensa ya miƙe ba tare da kowa ya buɗe baki ba. Kunnen da ya saba jin magana a cikin fata, ba zai gagara jin ta a cikin ƙarfe ba. Coleman yana busa ne kamar mai magana. Zai kawo 'yar gajeriyar jimla, ya maimaita ta, ya sauya mata wutsiya, wutsiyar ta haifi wata jimlar, ita ma ta haifi wata. Yakan ɗaga sauti ya wuce inda malaman kiɗan Turai suka ce nan ne daidai, ko ya sauke shi ƙasa kaɗan, da gangan, don muryar mutum mai kuka ko mai dariya ba ta zama kan ma'auni. An haife shi a Fort Worth ta jihar Teksas a 1930, ya fara neman abinci da busa a gidajen rawa na baƙaƙen fata, kuma kukan nan na kiɗan bulus, wato waƙoƙin ɓacin rai na baƙaƙen fatar Amurka, bai taɓa barin bakinsa ba.

Yanzu mu ɗauki mutanen ɗaya bayan ɗaya, amma ba daga na gaba za mu fara ba.

Fara da mai ganguna. A rangadin 1971 Ed Blackwell ne, mutumin Niyu Olins, garin da ake raka gawa da ganguna da ƙahoni a kan titi. Ka ce yana ta gudu. Gaskiya ne, amma gudun yana da taki. Sa kunnenka kan faifan tagullar da yake bugawa da hannun dama, za ka ji yana tafiya daram, har kana iya bin sa da yatsa a kan gwiwa. Wannan shi ne abin da ya raba ƙungiyar Coleman da wasu masu sakakken jaz da suka watsar da takin gaba ɗaya. Sannan ka saurari manyan gangunan da ke gefensa. Blackwell ba ya yin ruwan duka don burge mutane. Yana jera gangunan ne kamar masu muryoyi dabam-dabam, wannan ta yi tambaya, waccan ta amsa. Ya zagaya ƙasashen Afirka tare da mai fiyano Randy Weston a 1967, kuma in ya tsaya shi kaɗai yana kiɗa, sai na riƙa tuna gangunan noma a lokacin gayya. Da kai zan yi caca a kan cewa nan ne za ka fara jin daɗin bidiyon.

Daga nan koma kan mai bas, Charlie Haden, farar fata ɗaya tilo a cikinsu. A wurina shi ne ƙashin bayan abin duka, kuma shi ne wanda lasifikar waya ke haɗiyewa. In ka saurara da bakin waya kawai, to rabin kiɗan ka ji, don ƙananan lasifika ba sa fitar da sauti mai kauri. Nemi abin sawa a kunne. Aikin Haden ya fi na kowa wuya: tun da babu gwadabe, shi ne ke shimfiɗa hanya a ƙarƙashin ƙafar mai busa a daidai lokacin da ƙafar ke sauka. Coleman ya karkata, kafin ƙiftawar ido Haden ya riga ya je can yana jiransa. Wani lokaci kuma shi Haden ne zai ja, Coleman ya bi. Ka san yadda 'yan amshin makaɗan fada na kotso da taushi suke, waɗanda suka daɗe da ubangidansu: jagora zai ɗauko ɗa bai kai ƙarshe ba, su yi masa ƙari su cike, alhali ba a taɓa rera wannan ɗan ba sai yau. Ba duba suke yi ba, sabo ne da kunne. Haden ya fara aiki da Coleman tun ƙarshen shekarun 1950, ka ga a lokacin wasan nan sun haura shekara goma tare. Kalle shi a bidiyon: ido rufe, kai sunkuye har kusa da itacen, kamar mai sauraron sirri. Yana yaro ƙarami yake waƙa a rediyo tare da iyayensa, cutar shan inna ta taɓa masa maƙogwaro yana ɗan shekara 15, sai ya mayar da waƙar cikin tsarkiya.

Akwai labarinsa a wannan rangadin da ya kamata ka sani. A Nuwamba 1971 sun yi wasa a garin Cascais na ƙasar Fotugal, lokacin ƙasar na ƙarƙashin mulkin kama-karya tana kuma yaƙi don riƙe ƙasashen da ta mallaka a Afirka. Haden ya matso gaban makirfo ya sadaukar da kiɗan da za su yi ga masu fafutukar 'yancin Mozambik da Angola da Gini Bisau. Matasan da ke wurin suka ɓarke da sowa. Washegari 'yan sandan ciki suka kama shi a filin jirgin saman Lisbon, suka yi masa tambayoyi, sai da ofishin jakadancin Amurka ya sa baki aka sake shi. Na kawo wannan ne saboda zancenka na yaudarar 'yan boko. Mai yaudara ba ya sayen irin wannan rigimar.

Mai busa na biyu Dewey Redman ne, ɗan garinsu Coleman, makarantar sakandare ɗaya suka yi. Saksofon ɗinsa ya fi girma, muryarsa ta fi kauri. Yana da wata dabara ta yin gurnani da magana a cikin bututun yana kuma busawa, sai ka ji kamar mutum biyu ne a maƙogwaro ɗaya. Wani lokaci yakan ajiye saksofon ya ɗauko wata 'yar siririyar abin busa mai tsinin murya. In ya yi haka a bidiyonka, za ka ce algaita ce, kuma ba ka yi kuskure sosai ba, dangi ɗaya ne masu beli biyu a baki. Shi ma Coleman a farkon 1973 ya tafi ƙauyen Jajuka a tsaunukan Maroko ya yi busa da masu gaita na can, wadda sunanta ma ya gaya maka 'yar'uwar algaitarmu ce.

Ka ce ba ka ji amshi ba. Akwai shi, gajere ne kawai. Kusan kowane kiɗa nasu yana buɗewa da wani ɗan take da masu busa biyun ke yi tare, wani bai fi daƙiƙa 20 ko 30 ba, galibi da sauri kamar an kori kaza. Ba sa haɗa baki cif, ɗaya yakan riga ɗaya da gashin ido, kuma haka suke so. Riƙe wannan taken a ka. Bayansa kowa zai karɓi fili bi da bi, a ƙarshe su komo kansa su rufe. Da zarar ka ji taken ya dawo ka gane shi, to ka kama bakin zaren. Kuma in ka lura, gutsattsarinsa na ta leƙowa a tsakiyar busar Coleman, a juye, ko a karye, ko an ja shi ya yi tsawo.

Mi 'yan kallon suka ji, kamar yadda ka tambaya? Sun ga mutum huɗu sun shiga daji ba hanya sun fito tare. Wasa gaban jama'a ba a goge kuskure. Akwai inda za su ɓace wa juna na ɗan lokaci, ka ji abin ya yi sako-sako, sannan wani ya jefo jimla guda sauran su yi caraf su kama. Wannan kamawar ake yi wa tafi. Kamar dambe ne: wanda bai san wasan ba kisa kawai yake jira, masani kuwa tun daga yadda ake auna juna yake jin daɗinsa.

Ba zan rufe ka ba, a cikin abin da ake kira sakakken jaz akwai hayaniya zalla. Da aka buɗe ƙofa, waɗanda ba su iya ba ma sun shigo, suna fakewa da sunan 'yanci. Yadda nake rarrabewa shi ne in tambayi kaina: in wannan ya sauya, sauran suna sauyawa? In kowa na ta tafiyarsa ko me ɗan'uwansa ya yi, to awakin Kara ne da gaske. Waɗannan huɗun sun ci wannan jarrabawar. Mutumin da aka fasa wa abin busa a 1949 shi aka ba lambar yabo ta Pulitzer a fannin kiɗa a 2007, kuma saboda wani wasan mutum huɗu da aka ɗauka gaban jama'a a Jamus. Ya rasu a 2015.

Kada ka ce sai ka cinye bidiyon duka a zama ɗaya. Zaɓi kiɗa guda, na minti takwas ko goma, bayan isha'i in gari ya yi sanyi yara sun kwanta. Ji shi sau uku. Na farko bi Blackwell kaɗai, na biyu bi Haden, na uku ka bi Coleman kana lura da yadda waɗancan biyun ke amsa masa.

Gargaɗi ɗaya. In ka ga Coleman ya ajiye saksofon ya ɗauko gogen Turawa, to shirya. Shi ya koya wa kansa a farkon shekarun 1960, da hagu yake gogawa, kuma ba daɗin sauti yake nema da shi ba, ƙura yake tayarwa. Akwai masoyansa na shekara da shekaru da har yau in an zo nan sai su tashi su ɗora shayi. Ina cikinsu.