Tsohuwar Land Rover ta soja a hannun ɗan gwangwan: in saya in tashe ta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina yawan ganin bidiyon Turawa suna yawo da tsofaffin motocin soja, har da tankokin yaƙi, wai nasu ne na kansu. Da gaske farar hula na iya mallakar irin wannan? Abin da ya sa na tambaya, akwai wata tsohuwar Land Rover da na gani a jibge wajen wani ɗan gwangwan kusa da Panteka, ya ce ta soja ce, tun da daɗewa aka yi gwanjonta. Raina ya biya ƙwarai. In saya in tashe ta, ko in rufa wa kaina asiri? (Daga wani mai karatu a Kaduna)

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abin da ka gani a bidiyo gaskiya ne. A Ingila da Amurka da Faransa da Holan akwai mutanen da ba su da abin sha'awa sai wannan, wasu likitoci, wasu manoma, wasu tsofaffin soja. Suna da ƙungiyoyi, kamar MVPA, ƙungiyar masu adana tsofaffin motocin soja ta Amurka da aka kafa a 1976, suna da mujallu da kasuwar kayan gyara. Duk shekara idan 6 ga Yuni ta zagayo, sai ka ga hanyoyin Nomandi a Faransa sun cika da tsofaffin jif-jif, ana tunawa da saukar sojojin ƙawance a can a 1944, lokacin yaƙin duniya na biyu. A gidan tarihin tankoki na Bovington a Ingila ma ana bikin da ake fito da tankoki su yi zagaye a fili, a can ne ake ajiye da Tiger 131, tankar Jamus da aka kama a Tunisiya a 1943, wadda ita kaɗai ta rage a irinta da ke tashi ta yi tafiya.

Sai dai bidiyo ba ya nuna maka takardun da ke cikin aljihun direban. A Ingila kana iya mallakar tanka, amma sai an kashe igwarta yadda ba za ta ƙara harbi ba, an ba ka shaidar hakan, kuma sai kana da lasisi na musamman na tuƙa abin da ke tafiya a kan sarƙa kafin ka hau titi. Wanda ya yi wasa da wannan yana ji a jikinsa. A 2015 hukumomin Jamus sun zaƙulo tankar Panther ta zamanin Hitila daga ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wani dattijo a kusa da birnin Kiel, sai da sojoji suka kwashe sa'o'i suna jan ta. A 2021 kotu ta yi masa ɗaurin talala, ta ci shi tarar Yuro 250,000. Tankar ma kanta wahala ce. Sherman ta Amurka ta kai kimanin tan 30, ba ta zuwa taro sai a bayan tirela, kuma ba a lissafa mata kilomita nawa take yi a lita, lita nawa take sha a kilomita ake lissafawa. Shi ya sa mafi yawan masu wannan sha'awa ba su da tanka. Jif suke da ita, ko Land Rover, ko babbar mota irin Bedford da Unimog.

Jif ɗin ce uwar tafiyar. Tsakanin 1941 da 1945 kamfanonin Willys da Ford sun ƙera kimanin 640,000, injinta mai fistin huɗu, ƙarfin doki 60, giya uku, wutarta bolt 6. Babu abin da ke jikinta da bakanike mai sifana da haƙuri ba zai iya warwarewa ba. Masu tsantseni a harkar har kan noti suke duba, domin Ford ta riƙa buga harafin F a kan ƙananan kayanta, kuma jif ɗin Ford da aka ɗaure da notin da ba nata ba darajarta na raguwa a idonsu. Da yawa daga waɗanda ake yawo da su a Turai da farin tauraro a bonet ma ba su taɓa ganin yaƙin ba, kamfanin Hotchkiss na Faransa ne ya ƙera su daga 1955 zuwa 1966, aka yi musu fentin Amurka. Mu ma muna da rabo a tarihin motar nan. Kakanninmu da aka kai yaƙin Bama a runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, su suka sare daji da duwatsu da hannu, suka fitar da hanyar jif mai fiye da mil 70 zuwa kwarin Kaladan. Ita Land Rover da ka gani jikanyar jif ce: ta gwajin farko a 1947 a kan shasin jif aka ɗora ta, aka fito da ita kasuwa a 1948.

To mu dawo Panteka. Kafin ka buɗe bonet, ka tambayi takarda. Ina nufin takardar gwanjo da ta nuna hukumar da ta sayar, mai ɗauke da lambar shasi, da rasit na duk hannun da motar ta bi har ta iso wurin ɗan gwangwan. Idan ya ce maka ai tun zamanin wane aka saya, takarda ta ɓace, ka yi masa godiya ka kama hanya. Mota ce da aka ce ta soja ce, a ƙasar da ake fama da 'yan bindiga masu shigar burtu da kayan sarki. Ranar da aka tsayar da kai a shingen bincike, ba labarin tarihi za a tambaye ka ba.

Abu na biyu shi ne fenti, kuma a nan ne sha'awarmu ta rabu da ta Turawa. Su burinsu motar ta koma yadda ta fito daga bariki, da korenta da lambobin rundunarta. A Najeriya akwai doka tun 1977 da ta haramta wa farar hula tuƙa mota mai fentin koren soja. Don haka batun kore, ko dabbare-dabbaren kakin soja, ko tambarin wata runduna, ka cire shi daga ranka gaba ɗaya. Duk abin da ya shafi sulke ko wurin girke bindiga kuwa ya wuce hurumin mai sha'awa, shigo da irinsu ma sai da izinin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Sayowa daga waje ma ƙofar a rufe take, domin dokar kwastan ta ƙayyade shekarun motar da za a iya shigowa da ita, mai shekara 50 kuwa ta wuce iyakar nesa ba kusa ba. Ka kuma duba ɓangaren da sitiyari yake. Mun koma tuƙi ta hannun dama a Afrilun 1972, saboda haka wadda ta girmi wannan lokaci tana iya zuwa da sitiyari a dama, yi mata rajista kuma sai ya zama rigima sai an juya shi.

Idan takarda ta fito, sai ka tabbatar ta sojan ce ko daɗin bakin mai sayarwa ne. Akwai ɗan faranti na ƙarfe a jikin bangon da ke raba injin da mazaunin direba, lambar shasi na kansa, kuma an buga wannan lamba a jikin shasin kansa, can gaba wajen da sifirin yake maƙale. Ka kankare da burushin waya ka ga ko sun yi daidai. Na soja sukan zo da ƙugiyar ja mai kauri a baya maimakon ƙwallo, da tankin mai biyu a ƙarƙashin kujeru, sai ka ɗaga kujera ake zuba mai. Wasu kuma wutarsu bolt 24 ce saboda rediyon soja, za ka gane su da wayoyin filogi masu kauri a lulluɓe da ƙarfe. Irin wannan tana da daraja wurin masu tarihi, amma a garejin unguwa ciwon kai ce, ko ƙwan fitila sai ka nemi na manyan motoci.

Yanzu ga inda nake so ka ɓata lokacinka: ƙarƙashin motar. Land Rover mayaudariya ce. Bodinta na alminiyam ne, ba ya tsatsa, sai ka gan ta tsaye ƙyam kamar lafiyar Allah, alhali ƙashin bayanta ya rube. Shasi da bangon injin na baƙin ƙarfe ne, su ne ke mutuwa. Ka tafi da ƙaramar guduma da tocila da tabarmar da ba ka so, ka kwanta ka shiga ƙarƙashi, ka bi shasin kana ƙwanƙwasawa taƙi bayan taƙi. Ƙarfe mai rai yana amsawa da ƙara mai zaƙi, ƙal-ƙal. Wanda ya mutu sai ka ji dum, ɓawon tsatsa da busasshen taɓo su zubo maka a fuska. Wuraren da suka fi ci su ne ƙarfen da ya gitta can baya, da hannuwan da suka fito gefe suna riƙe bodi, da wurin da direba ke ajiye ƙafa, da ginshiƙan ƙofa. Inda ka ga farin gari kamar toka a mahaɗar alminiyam da ƙarfe, ƙarafan biyu ne ke cin juna. Sa'armu ɗaya a Arewa, ƙasar busasshiya ce, motar da ta yi rayuwarta a Kano ko Sakkwato takan fi wadda ta sha iskar teku a Legas lafiya nesa ba kusa ba. Na taɓa raka wani abokina ya sayi wata don bodinta ya burge shi, bai ko sunkuya ba. Da muka ɗaure ta a janwe muka ɗaga gabanta, sai muka ji ƙas, ƙofar direba ta ƙi rufuwa daga ranar. Shasin ya karye a tsakiya, an lulluɓe wurin da kwalta. Mai walda na iya yanke ruɓaɓɓen wuri ɗaya ko biyu ya dasa sabon ƙarfe. Idan ruɓar ta bi ko'ina, to kayan gyara kake saye, ka yi ciniki a kan haka.

Injin bai cika ba ni tsoro ba. Mai lita biyu da kwata da ke cikin yawancinsu jarumi ne. Kuskuren da ake yi shi ne a kawo batir a ɗaura a ce bari mu ji ko za ta tashi. Injin da ya shekara goma a kwance, ringinsa ya manne, baƙin mansa ya zama kunu, murza shi da ƙarfin sitata karya shi ne. A cire filogi, a ɗiga mai a kowane rami, a bar shi kwana uku ko mako, sannan a juya da hannu. Akwai rami a bamba na hannun tayarwa, an yi shi don haka. Ka kuma duba ko injin nata ne, domin da yawa a nan an daɗe da dasa musu na wata mota, musamman waɗanda suka yi aikin janwe. Wannan ba ya hana tafiya, amma yana rage darajar tarihi. A ciki za ka ga sanda mai jan kai da wata mai ruwan ɗorawa kusa da giya: ja ta ƙaramar giyar hawan dutse ce, ruwan ɗorawa ta haɗa tayoyi huɗu ce. Ka gwada ko suna motsi.

Birki kuwa kada ka yi masa rowa. Duk robar da ke cikinsa da tiyo da bututu a sauya su sababbi, domin da yawa daga tsofaffin nan layin birki ɗaya gare su, in ya fashe a wuri guda babu sauran birki a taya ko ɗaya. Kada yaran gareji su hure ƙurar gangar birki da iska, tsohon takalmin birki yana ɗauke da asbestos mai lahani ga huhu, a jiƙa a goge. Haka tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma, a rufe hanci kafin a goga.

Kafin a kwance ko noti ɗaya, ka ɗauki hoto da wayarka, kowane kaya a saka a leda a rubuta sunansa. Yawancin ayyukan da na ga sun mutu a hanya, ɗoki ne ya kashe su: an warwatsa mota cikin kwana biyu, kuɗi ya yanke, damina ta zo, yara suka yi wasa da notina, bayan shekara uku aka kira ɗan gwangwan ya auna a sikeli. Ka bi abin sashe-sashe, shasi da birki da sitiyari tukun, fenti a ƙarshe. Notinanta na inci ne, wasu ma tsohon awon Ingila, sifanar milimita za ta cinye musu kai. Kayan gyara ba su gagara ba, har yau ana ƙera kusan komai nata a Ingila, kuma a nan gida akwai tsofaffin kanikawa da suka san ta kamar yunwar cikinsu, musamman a tsaunin Mambila inda ta daɗe tana ɗaukar mutane da kaya. Kuɗin saye shi ne ƙaramin kaso na abin da za ka kashe. Bayan ta tashi kuma, lita ɗaya ba za ta kai ka fiye da kilomita 6 ko 7 ba, in ka wuce gudun 80 hira ta ƙare sai ihu, kuma za ta riƙa ɗigar da mai a tsakar gida. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

In ka koma Panteka, ka ɗauko mini hoton farantin nan da na lambar da ke jikin shasi, da na ƙarfen baya daga ƙasa, sai in faɗa maka shekarunta da abin da ya kamata ka taya. Fenti kuma, ni da tawa ce, ruwan ƙasa mai haske zan yi mata, rufin sama fari.