AGC ba ya gyara abin da aka ɓata tun daga mikisa

Salamu alaikum Malam. Ka ce muryar mai gabatarwa tana fita ƙasa-ƙasa, talla kuma ta shigo kamar za ta fasa rediyo, da ka kunna AGC, wato na'urar da ke ɗaga sauti ko sauke shi da kanta, sai wani shuuu ya riƙa tasowa duk sanda aka yi shiru, shi ne kake tambaya ko na'urar ce ta lalace. Lafiyarta ƙalau. Tun kafin sautin ya iso gare ta aka samu matsala.

Koma kan mikisa tukuna. Ajiye feda, wato abin da ake turawa sama ko ƙasa don ƙara ko rage sauti, a kan 0, danna PFL, maɓallin da ke nuna maka sautin kafin ya bi ta feda, sannan ka juya maɓallin da aka rubuta GAIN ko TRIM har allurar mitar ƙarfin sauti ta riƙa wasa kusa da 0 VU, tana leƙa ja jefi-jefi. Amma kada ka yarda da "gwaji, ɗaya, biyu". Na daɗe ina zama a bayan gilashi, kuma da wuya ka ga mai gabatarwar da muryar gwajinsa ta yi daidai da ta shirinsa. A gwaji sai ya yi ta ciki-ciki yana duba takarda, jar fitila na kamawa ya gyara zama ya buɗe maƙogwaro. Sa shi ya karanta buɗewar shirin yadda zai faɗe ta. Ka kuma lura da zamansa: duk sanda nisan baki da makirfo ya ninka, kusan desibel 6 ne suka tafi. Baƙon da ke jingina da kujera yana waiwayen abokin hira, shi kaɗai ya isa ya hana ka sakat.

Allurar VU kuma ba ta faɗin gaskiya duka. Tun 1939 aka tsara ta, kuma tana ɗaukar wajen kashi uku cikin goma na daƙiƙa kafin ta kai inda za ta, don haka tafi ko kaifin harafi sun wuce kafin ta motsa. A kwamfuta kuwa, inda ake auna sauti da dBFS, 0 dBFS rufi ne, ka taɓa shi sauti ya fashe. Shi ya sa ake barin sarari. Saki sautin gwaji na 1 kHz, tsayar da shi a 0 VU, ka daidaita kwamfutar ta nuna -18 dBFS irin na Turai, ko -20 irin na Amurka. Zaɓi ɗaya, kowa a tashar ya bi shi.

Ita talla, masu haɗa ta ne ke matse ta har bakin rufi don ta fi ta kowa ƙara. Kafin a zuba ta cikin jerin shirye-shirye, a daidaita ta zuwa -23 LUFS, ma'aunin ƙarfin sauti da ƙungiyar kafofin watsa labarai ta Turai ta fitar a 2010. Ko manhajar Audacity yana yin wannan.

Sai AGC. Ɗauke shi kamar yaron da ka ɗora wa hannu a kan feda ka ce in sauti ya yi ƙasa ya ɗaga, in ya yi sama ya sauke, alhali bai san bambancin murya da ƙugin fanka ba. Mai magana na yin shiru sai ya ɗago duk abin da ya rage a ɗakin. Shuuu ɗin da kake ji ke nan. Maganinsa maɓallin GATE na jikin AGC: ɗaga shi ya ɗan wuce hayaniyar ɗakin, ta yadda in an yi shiru AGC zai tsaya cak har magana ta dawo. RELEASE kuma, wato saurin da AGC ke sake ɗago sauti, ka sa shi a hankali. Mai sauri yana burgewa a minti biyar na farko, daga nan sai ka ji sautin yana numfashi, kunne ya gaji. Ni dai in na ga mitarsa tana lilo daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ba na taɓa shi, mikisa nake komawa.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne AGC biyu ko uku a layi ɗaya: na rikodar ɗan rahoto, na kwamfuta, ga kuma na na'urar sarrafa sauti irin su Optimod ko Omnia kafin tiransimita. Wannan na ɗagawa, wancan na dannewa. Bar na ƙarshen kawai, kashe sauran. Kada kuma ka ɗora masa aikin limita, wato na'urar da ke hana sauti wuce iyaka. AGC ba shi da saurin kama sautin da ya yi tsalle farat ɗaya. Limita ce ke hana ka wuce 75 kHz, iyakar kaucewa daga zangon tasha da aka sa wa FM, ka shiga gonar tashar da ke maƙwabtaka da kai.

In ka gama, saurara a ƙaramar rediyo, ba a manyan lasifikokin situdiyo ba, sannan ka manna tef a inda kowane maɓalli ya tsaya, don masu aikin dare ba sa barin abu yadda suka same shi.