Na'urar Ji Ko Darasin Maganar Hannu: Wanne Zan Fara Saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara uku ya yi sanƙarau bara. Ya warke, amma tun daga nan ko an kira shi ba ya waiwayowa. An nuna wa babansa na'urar ji a kasuwar Sabon Gari, ni kuma na ga ana tallar darasin maganar hannu a intanet, kuɗinmu kuwa ba zai kai duka biyun ba. Surukata ta ce in ya saba da hannu ba zai ƙara magana ba. Wanne zan sa a gaba? Daga wata uwa a Ɗorayi.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya ƙara masa lafiya. Ku riƙe kuɗinku tukuna. Ku fara kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a auna jinsa, kuma kada ku yi jinkiri, domin ɓarnar da sanƙarau ke yi a can cikin kunne tana iya ƙaruwa. Na'urar kirki sai an saita ta daidai da abin da awo ya nuna, a yi mata mazauni daidai kunnen yaro, a riƙa sake shi yayin da yake girma, ga kuɗin batir. Yawancin na kan tebur ƙara sauti kawai suke yi, har da na janareton maƙwabta.

Maganar hannu kuwa yau za ki fara, ko an samu na'ura ko ba a samu ba. A gaya wa Hajiya cikin ladabi cewa hannu ba ya hana baki. Abin tsoro shi ne yaro ya shafe shekarunsa na fari ba shi da harshe ko ɗaya, ga yunwa ga ciwo, ba yadda zai faɗa sai kuka da jifa da kwano.

Kafin ki biya kuɗin darasi, ki san cewa maganar hannu ba ɗaya ba ce a duniya. A Kano ma iri biyu ce. Akwai tamu ta gado, wadda kurame ke yi da juna a kasuwa da majalisa tun kaka da kakanni, har sarauta gare su, ta Sarkin Bebaye. Ita ce Bajamushiyar nan Constanze Schmaling ta zauna a Kano ta nazarta, ta fitar da littafi a kanta a shekarar 2000. Akwai kuma ta makaranta, mai tushe a ta Amurka, wadda Andrew Foster, wani kurma baƙar fatar Amurka, ya kawo Ibadan a 1960. Ita ake koyarwa da ita a makarantun kurame, har da ta Tudun Maliki da aka buɗe a 1977. Ta Ingila daban ce, ko haruffa da hannu biyu suke yi, na Amurka kuwa da hannu ɗaya. In darasin da kika gani na Ingila ne, ki bar musu kayansu.

A ganina, ki je Tudun Maliki ki nemi malama ko tsohuwar ɗaliba kurma da za ta riƙa zuwa gida, ki ba ta kuɗin da za ki tura wa mutanen intanet. Waya ba ta gyara miki yatsa in kin karkace, ba ta nuna miki cewa ɗaga gira ma magana ce. Ku zauna har da babansa da yayyensa, kada ya tashi da mutum ɗaya tak da zai yi hira da shi a gidan. Ku fara da abin da ke gabansa: ruwa, abinci, fitsari, zafi, zo, bari. Ki taɓa kafaɗarsa ya dube ki kafin ki ɗaga hannu. In an ɗauke wuta da dare, ki haska fitila a fuskarki da hannuwanki, ba a idonsa ba.

Tambaya: Ina da shagon ɗinki a Fagge, an kawo mini yaro kurma ya koyi aiki. In sayi littafin maganar hannu ne? Daga wani tela.

Amsa: Malam, ga malami a shagonka. Ka ɗaga almakashi, zare, allura, tef, ka bar shi ya nuna maka yadda ake faɗinsu, sauran yaran ma su koya. Littafi zai taimaka wajen haruffa da lissafi, amma hoto ba ya motsi. In ya yi makaranta, ka saya masa ƙaramin littafin rubutu saboda awon kwastoma.

Tambaya: Jaririyata tana ji lafiya lau, watanta bakwai. Ana tallar katunan koya wa jarirai alamar hannu, wai suna ƙara basira. In saya? Daga wata uwa a Gwammaja.

Amsa: Batun ƙarin basira zancen talla ne, uwar ɗiya. Abin da ke gaskiya shi ne hannun jariri kan riga bakinsa nuna abin da yake so, kuma alamar ba ta jinkirta magana. Ki zaɓi alamu uku ko huɗu, kamar nono, ruwa da ƙari, ki riƙa yi kina faɗin kalmar duk lokacin da abin ya zo. Wannan bai buƙatar kati.