Tukunyar da babu tsoka ba abin kunya ba ce

Hadiza 'yata, na ga saƙonki tun daren jiya, sanyi ne ya hana ni zama in amsa. Kin ce likita ya gaya wa maigidanki ya rage jan nama saboda hawan jini, dangin mijinki kuma na cewa gidan da ba a ganin tsoka a miya kullum gidan rowa ne. Kina tambaya ko haka al'adarmu take.

Wallahi ba haka muka tashi muka gani ba. A gidanmu na unguwar Gangare a Jos, lokacin da kakanki yake sayar wa leburorin kuza kaya, nama sai ranar Juma'a, shi ma ƙashi ne da 'yar tsoka don miya ta yi ƙanshi. Sauran kwanaki tuwon dawa ne da miyar kuka da daddawa, da safe kunu da ƙosai, da rana ɗanwake ko kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Wata maƙwabciyarmu 'yar Birom ce ta koya wa Inna gwaten acca, a zuba yakuwa da alayyahu da gauta har sai ka nemi hatsin ka rasa. Nama mai yawa sai Babbar Sallah, ko suna, ko baƙo ya zo daga nesa a yanka masa kaza. Na layyar ma rabawa ake yi, sauran a soya ya bushe ƙarau, Inna ta kulle a ɗakinta tana ciro ɗai-ɗai, wutsiyar ragon kuwa sai daren cika-ciki.

Wannan tsire da balangu na kowane dare sabon abu ne, kuɗi ne ya kawo shi. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik an ruwaito Sayyidina Umar yana cewa a yi hattara da nama, domin yana da jaraba irin ta giya. Sai ki gaya wa masu maganar rowa wannan, cikin ladabi.

Shekarun da na yi ina aikin jinya sun nuna mini abin da idona ba zai manta ba: magidanta masu ƙiba, 'yan shekara hamsin, an kawo su baki ya karkace. A 2015 sashen binciken cutar daji na Hukumar Lafiya ta Duniya ya bayyana cewa sarrafaffen nama, irin sosej da na gwangwani, yana jawo dajin hanji, giram 50 a kullum yana ƙara haɗarin da kusan kashi 18 cikin ɗari. Jan nama kuma suka ce ana kyautata zaton shi ma yana jawowa. Akwai wasu Kiristoci 'yan Adbantis a garin Loma Linda na Amurka da yawancin cimarsu wake ne da ganye da hatsi, an daɗe ana bibiyarsu, sun fi maƙwabtansu tsawon rai. Amma fa ba sa shan taba, ba sa shan giya, kada a jingina wa ganye komai. Ajali dai na Allah ne, mu kiyayewa ce tamu.

Ban ce ku daina gaba ɗaya ba, balle ke mai shayarwa. Jiki na buƙatar sinadarin B12, shi kuwa a nama da kifi da ƙwai da nono ake samunsa, kuma na ga matan da ƙarancin jini ya galabaitar. Ki sa kifi sau biyu a mako, ki yawaita wake, ki yanke kitse. Ga mai hawan jini, gishiri da dunƙulen magi da ke cikin yajin tsire su ma abin tsoro ne, ki rage hannu.

Ranar da surukarki ta zo kuwa, yanka mata kaza, haƙƙin baƙo ne, kada ki yi wasa da shi. Asabar in Allah ya kai mu ki shirya da wuri mu shiga kasuwar Farin Gada, in nuna miki yadda ake zaɓen yakuwa, mu dawo in ɗora miki gwate irin na Inna. Ki gaishe min da maigidan, ki ce ina masa sannu da jiki.